Lissafin da Yaya ta sa na yi kafin na sake yankar fom ɗin JAMB

A bakin gadon Umma nake zaune, wayarta a hannuna, lokacin da na buɗe shafina na CAPS, inda JAMB ke nuna wa ɗalibi gurbin da aka ba shi, na ga abin da jami'a ta yanke a kaina. Likitanci na nema, amma sai na tarar ana tambayata ko na yarda a mayar da ni sashen nazarin ƙananan halittu, wato Maikurobayoloji. Ga wurin karɓa, ga wurin ƙi. Na fita daga shafin na sake shiga har sau uku, kamar wayar ce ta yi ƙarya. Umma tana ninke kayan wanki, ba ta tambaye ni komai ba. Ta dube ni sau ɗaya ta ce, "Allah ya sa haka ne mafi alheri," ta ci gaba da ninkinta.

Abin da ya ƙara wa abin ciwo shi ne na riga na zama "Dakta" a unguwarmu. Na ci 261 a jarrabawar JAMB ta 2024, shekarar da kusan kashi 76 cikin 100 na waɗanda suka zana ba su kai 200 ba. Har mai kantin bakin layinmu in na je sayen magi sai ya ce, "Dakta, na nawa za a ba ki?" Ni ma na hau na zauna.

Kwana biyu ana ta zuwa yi mini jaje kamar an yi rashi, kuma bakin kowa ɗaya: ba ki da uwa a gindin murhu. Goggo ta ce ai gurbin likitanci na 'ya'yan wane da wane ne. Wani abokin Baba ya ce da an gaya masa da wuri da ya san wanda zai gani. Ban zo wanke kowa ba, amma wannan bayani yana da wani daɗi mai cutarwa. Da zarar ka yarda da shi, ka huta. Babu sauran abin da za ka gyara, sai dai ka zauna kana jin haushin mutanen da ba ka taɓa gani ba. Na yi kusan mako guda ina shan wannan daɗin.

'Yar Kawuna ce ta raba ni da shi. Likita ce, tana neman ƙwarewa a ɓangaren mata da haihuwa, kuma duk gidan Yaya muke ce mata. Ta zo ran Asabar bayan ta kwana a bakin aiki, idonta jawur, ta gaida su Umma, ta ja ni ɗaki. Ba ta ce mini sannu ba. Cewa ta yi, "Ɗauko mini takardunki duka, da biro."

Na ce mata ai na ci 261. Ta ce ba jimla ta tambaya ba, ɗaya bayan ɗaya take so. Turanci 66, Bayoloji 78, Kemistiri 69, Fiziks 48. Ta zagaye 48 ɗin da biro ba ta ce komai ba. Sai ta sa na nemo yadda jami'ar da na nema take haɗa makinta, abin da ban taɓa damuwa in duba ba duk da yana nan a sanarwarsu. Kowace jami'a da nata lissafin. Ita wannan tana raba makin JAMB gida takwas, ya zama a kan 50. Jarrabawarta ta tantancewa, wadda kowa ke kira Post-UTME, tana da 30. Sauran 20 ɗin daga sakamakon WAEC ko NECO ake fitar da su, kowane darasi cikin biyar ɗin da nasa rabon gwargwadon abin da ka ci.

Muka buga. JAMB ta ba ni 32.6. A Post-UTME na samu 16. A WAEC ina da A1 a Bayoloji, B3 a Lissafi da Kemistiri, C5 a Turanci, C6 a Fiziks, suka haɗu suka ba ni 14.8. Duka 63.4. Wata 'yar ajinmu da aka ɗauka, jiharmu ɗaya, ba 'yar kowa ba ce, mahaifinta tela ne, na kira ta ta faɗa mini nata: ta ɗan haura 72. Yaya ta ajiye biro ta ce, "To ƙanwata, ga wanda ya cinye miki gurbi. Maki tara ne. Yanzu sai ki faɗa mini inda za ki samo su."

Ban ji daɗin maganar ba ko kaɗan. Amma tun daga ranar aka sauke mini gurbi nake kuka da abin da ba shi da siffa, sai ga shi an rubuta mini shi a takarda, ƙarami, ana iya ƙirga shi.

A daren ta yi mini bayanin abin da ya sa ƙofar take da ƙunci haka. Hukumar kula da likitoci da likitocin haƙori ta ƙasa, MDCN, ita ke yanke wa kowace makarantar likitanci adadin ɗaliban da za ta horar, gwargwadon malamanta da gadajen asibitin koyarwarta. Jami'a ba ta da ikon buɗe ƙofa ta kwashi duk wanda ya cancanta. A jami'o'in tarayya kuma an kasa guraben: kashi 45 cikin 100 na cancanta zalla daga ko'ina a ƙasar, kashi 35 na jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 na jihohin da aka bari a baya a ilimin boko. Mu 'yan Arewa mukan ji wannan kashi na ƙarshe mu saki jiki, alhali yawancin jihohinmu suna cikinsa, kuma duk yaron da ya yi zarra a Sakkwato ko Borno ko Bauci likitanci yake hari. Tsofaffin makarantun Zariya da Kano da Maiduguri da Jos da Sakkwato kowa su yake so. Da zaratan junanmu muke takara.

Daga nan aka shiga shawarwari, kuma gidanmu ba a rasa masu ba da su.

Kawu ya ce in karɓi abin da aka ba ni, ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. In na yi ƙoƙari a aji ɗaya sai in nemi a mayar da ni likitanci. Wannan ita ce shawarar da ta fi ja na, domin da ita zan tafi makaranta tare da ƙawayena, in huta da tambayar "har yanzu kina gida?" Yaya ta ce wa mahaifinta, cikin ladabi amma ba tare da kwana-kwana ba, "Baba, a shekarun da na yi a makaranta waɗanda na ga an yi wa haka ba su cika yatsun hannu ba. Su kansu 'yan aji ɗaya na likitanci rage su ake yi kafin su shiga aji biyu." Akwai kuma masu gama digirin su dawo ta hanyar shiga aji biyu kai tsaye. Na lissafa: shekara huɗu, da ta bautar ƙasa, da biyar na likitanci, ban da yajin aiki. Na 2022 kaɗai wata takwas ya ci. Na girmama masu yin haka, amma ban ga dalilin da zan fara da doguwar hanya alhali ban gwada gajerar sau biyu ba.

Sai IJMB, shirin da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ke kula da shi, inda ake karanta darussa uku a zurfafe na kusan shekara, a nemi aji biyu da sakamakon. A nan A tana da maki 5, kuma mai neman likitanci sai ya kusa cinye duka. Abin da ya hana ni shi ne guraben masu shiga aji biyu sun fi na JAMB ƙaranci, sannan Fiziks ɗin da ta kayar da ni a mataki na ƙasa ita zan tarar a can ta ƙara girma. Ga kuɗin makaranta da na zama a wani gari.

Baba kuwa, ban sani ba ashe har ya fara tambayar farashin filinsa na bayan gari. Tunaninsa ya tafi waje. A da Sudan ce mafitar irinmu, Khartoum cike take da 'ya'yan Hausawa masu karatun likitanci. Amma yaƙi ya ɓarke a can a watan Afrilun 2023, aka kwaso ɗalibanmu a motoci zuwa iyakar Masar. Ɗan maƙwabcinmu yana cikinsu, yana shekara ta huɗu, ya dawo da jaka ɗaya, kuma lokacin da muke wannan magana yana ta fafutukar neman inda za a karɓe shi ya ƙarasa. Naira kuma ta faɗi warwas tun tsakiyar 2023, kuɗin fili ba zai kai mutum shekara shida a Masar ba. Ko an gama ma, wanda ya karanto a waje sai ya ci jarrabawar MDCN kafin a ba shi lasisin aiki a gida. Umma ce ta kashe maganar. Ta ce, "Malam, akwai ƙannenta huɗu a baya."

Ba zan ɓoye wata wauta da na yi a tsakani ba. Na shafe kusan mako ina kallon bidiyon 'yan Amurka a YouTube suna bayanin yadda suka gyara takardunsu bayan an ƙi ɗaukarsu: aikin sa kai a asibiti, bin likita ana kallon aikinsa, wasiƙun shaida daga malamai, rubuta tarihin abin da ya sa suke son likitanci. Har na fara rubuta nawa. Da na nuna wa Yaya sai da ta yi dariya har ta riƙe ciki. Can sai ka gama digirin farko, ka zana wata jarrabawa mai suna MCAT, sannan a kira ka a yi hira da kai. Ta ce, "A nan ba wanda zai tambaye ki labarin rayuwarki. Lamba ce ke magana."

Duk da haka ta ɗauki abu ɗaya daga ciki. Ta nemi izinin shugabar ma'aikatan jinya ta ɗakinsu, na bi ta asibiti na kwana biyu, na zauna a gefe inda aka ce in zauna. Ba don a ƙara mini maki ba. Cewa ta yi kafin in ƙona shekara guda gara in san ko aikin nake so ko sunan. Na ga mace ta zo daga ƙauye da jijjigar masu ciki, na ga ana neman jini da tsakar dare 'yan uwanta suna kallon juna, na ga Yaya ta ci abincin rana da ƙarfe biyar na yamma a tsaye. Warin ɗakin ya bi ni gida. A rana ta biyu na fita waje na yi amai, na wanke fuska na dawo. Abin da na lura da shi a kaina shi ne tambayoyi nake ta tarawa: me ya sa aka ba ta wannan allurar, me ya sa aka juya ta gefen hagu. A hanyar gida na cika Yaya da su har ta ce in bar ta ta ji da tuƙi.

Na yi istihara dare uku. Sannan na sami Baba bayan sallar isha'i na ce, "Baba, in ka amince, ina so in ƙi wannan in sake zanawa." Ya yi shiru ya daɗe. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana. Ya ce, "Uwata, shekara ɗaya na ba ki. In an sake ba ki wani abu ba likitanci ba, za ki karɓa ki tafi, ba na son gardama." Na ce na yarda. Na san dalilin wa'adin. Goggo ta riga ta fara cewa yarinya ta gama sakandare tana zaune, ga masu sallama, me ake jira. Washegari na danna wurin ƙi, hannuna yana rawa. Sakamakon JAMB na shekara ɗaya ne, 261 ɗina ya tafi ke nan har abada.

Saura tambayar Yaya: ina maki taran za su fito?

Da farko na ɗauka WAEC zan sake, domin C6 ɗin nan tana ci mini rai. Amma makarantun likitanci da dama suna son kiredit biyar ɗin a zama ɗaya, ma'ana ba Fiziks kaɗai zan sake ba, duka biyar ne. Ko na yi sa'a duka biyar ɗin suka zama A1, abin da zan ƙaru da shi bai wuce maki 5.2 ba, kuma wata biyu ko uku na karatuna zai tafi can. JAMB kuwa, in na tashi daga 261 na kai 300, wahalar duniya ke nan, makin da zan ƙara bai cika biyar ba. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Maki ɗaya a Post-UTME daidai yake da maki takwas a JAMB, kuma ita ce jarrabawar da na shiga ban shirya ba. Gaskiyar magana, daga ranar da na gama WAEC na rufe littafi. Walimar saukarmu, bikin 'yar Goggo, sauraron masu ce mini Dakta. Na shiga ɗakin jarrabawa bayan wata uku ban warware lissafi ko ɗaya ba, lokaci ya ƙare ina da sauran tambayoyi da ban ko karanta ba.

Mataki na biyu ya fi wuyar haɗiyewa, domin da girman kai a ciki. Yaya ta ce in duba jami'ar jiharmu. Na yamutsa fuska, Baba ma haka, shi da yake son ya ce 'yarsa tana babbar jami'ar tarayya. Yaya ta ce lasisin da MDCN ke bayarwa iri ɗaya ne, mara lafiya kuma ba ya tambayar inda ka yi karatu. Abin dubawa ɗaya ne, a tabbatar makarantar tana cikin jerin waɗanda hukumar ta amince da su, domin akwai inda ɗalibai ke maƙalewa a tsakiya saboda ba a kammala amincewa da sashen ba. Muka duba jerin, tana ciki. Muka duba lissafinta: rabi JAMB, rabi jarrabawarta, WAEC kuwa kiredit biyar a zama ɗaya kawai take nema, ba ta ƙirga musu maki. Wato C6 ɗina da C5 ɗina sun daina cutar da ni ba tare da na kashe ko sisi ba. Kuma ni 'yar jiha ce. Jami'o'i kusan ba sa waiwayar wanda ya sa su zaɓi na biyu a kwas irin wannan, don haka sai dai in sa ta a farko in haƙura da waccan. Na haƙura.

Sauran aiki ne, kuma ba shi da wani abin burgewa. Na samu wani tsohon malamin Fiziks da ya yi ritaya yana koyarwa a zauren gidansa, sau uku a mako. Ranar farko ya ba ni tambayoyi goma, ya duba, ya ce, "'Yata, ke kin haddace Fiziks ne kamar karatun allo." Gaskiya ya faɗa. A makarantarmu mun yi zango biyu a aji biyar ba mu da tsayayyen malami, na saba in haddace ma'anoni in tsallake duk inda na ga lamba. Ya mayar da ni baya can, kan sauya ma'auni da juya ƙa'idar lissafi, abin da na ji kunyar a gan ni ina yi. Na buga manhajar JAMB na manna a bangon ɗaki ina soke abin da na gama. Na ware littafi guda na kurakurai kawai, duk tambayar da na faɗi sai na rubuta ta da dalilin faɗuwar. Kafin hunturu ya wuce na gane rabin kurakuraina na gaggawa ne, ba na rashin sani ba.

Da safe ina koyar da 'yan firamare a wata makarantar kuɗi ta unguwa, abin da ake ba ni shi nake kai wa mai shagon kwamfuta duk Asabar. Tambaya 180 ce a awa biyu, 60 na Turanci, 40 a kowane cikin sauran ukun, wato daƙiƙa 40 ga kowace tambaya. Na koyi barin linzamin kwamfuta in yi amfani da haruffa, A zuwa D don amsa, N don wucewa gaba, P don komawa baya. Na koyi fara da Bayoloji in tara lokaci in kai wa Fiziks. Yanzu da nake aji ɗaya na ga wannan sabon da agogo ya fi komai yi mini amfani, domin a nan ma ba a jiran kowa.

Na yi rajista a watan Fabrairun 2025. Azumi ya kama a watan Maris, ga zafi ya fara, sai na mayar da karatun bayan sahur zuwa hantsi, da yamma kuwa kai ba ya ɗaukar komai sai aikin kicin. Da salla ta zo duk 'yan matan gidan suka zauna ƙunshi, ni kaɗai na ƙi, saboda da zanen yatsa ake tantance mutum a ƙofar ɗakin jarrabawa, kuma lalle yana iya hana na'urar gane shi. Goggo ta kalli fararen hannayena ta ce wannan boko ya zama jaraba.

Sakamako ya zo ta saƙon waya: Turanci 68, Bayoloji 76, Kemistiri 74, Fiziks 71. Jimla 289. Ban kai 300 ɗin da na rubuta a bango ba, kuma sai da na ji ɗan zafin haka. Na tura wa Yaya. Sai bayan awa uku ta amsa, tana tiyata. Ta rubuto, "Masha Allah. Gobe Asabar, ƙarfe nawa za ki shagon kwamfuta?"

Na ce takwas. Da na fito da safe mai kantin bakin layi ya ɗaga murya ya ce, "Dakta, an ce an ci!" Na ce masa da saura, na tsayar da mai adaidaita.